Goron da Kaka Ta Shuka a Gidan Maser

Jikata ce ta tayar mini da wannan tsohon zance, ita kuwa ko a jikinta. Ina zaune a tsakar gida ina goga goro a magogi, don haƙora sun daɗe da yi mini sallama, sai ta ɗago kai daga wayarta ta ce, "Hajiya, wai goro a ƙasa yake fitowa kamar gyaɗa, ko a sama?" Na ajiye magogin, na gyara zama, na ce a raina yau ga ranar da nake jira. Kafin in buɗe baki 'yar nema ta latsa wayar ta ce, "Bar shi ma, na gani, bishiya ce." Ta miƙo mini hoton a gicciye, ta shafe shi da yatsa, ta koma kallon masu rawa. Wallahi ji na yi kamar in ƙwace wayar in jefa a rijiya. Tambayar da ta kusa raba ni da makaranta, ta sa kakata ta tanadi likkafaninta, ita ce yarinyar nan ta yi ta kuma kashe kafin in haɗiye yawu. To, tunda ba ta tsaya ta ji ba, ku ku ji.

A tsohon Zango aka haife ni, wanda yake tsakiyar Lome, ba wannan da aka watso mu bayan gari ba. Yaran yanzu in na ce musu daga ƙofar gidanmu da ƙafa muke zuwa Asigame, babbar kasuwa, sai su ɗauka ruɗin tsufa ne. A can, da asuba ladanai suke karɓa wa juna, wannan lungu ya ɗauka wancan ya amsa, in sun yi shiru kuma sai ka ji teku tana gurnani daga nesa. Can jirgin ƙasa ya yi kuka, masu koko da ƙosai su fara kiran ciniki, matan Mina, ƙabilar bakin tekun, su shigo da kifi a ka suna yi mana Hausar da ta sha gishiri. Hausawa, Zabarmawa, Yarbawa, Kotokoli, duk rufin kwanonmu yana taɓa na juna, kuma duk da Hausa ake faɗa da Hausa ake shiryawa. Babu babur ko ɗaya da zai firgita ka. Yanzu kuwa tsallaka titi ma sai na karanta duk addu'ar da na sani.

Gidanmu gidan goro ne. Baba yana fataucinsa daga Gana, huhu-huhu, a sauke a zaure, mata su ja zuwa ciki. Shugabar wannan aiki ita ce Kaka, mahaifiyar Baba, wadda aka sa mini sunanta. Don haka ita tana kirana Takwara, Baba kuwa da ba zai iya kama sunan uwarsa ba yana ce mini Uwata. Kullum da hantsi za a shimfiɗa tabarma, a kwance huhu, a canza ganyen fita da ake naɗe goron a ciki, a yayyafa ruwa. Kaka ta miƙe ƙafafu, faifai a cinya, hannunta yana tafiya cikin goro ba ta ko kallo. Manya, wato marsa, gefe guda. Wanda ya yi sankara a wurgar tun bai shafa wa 'yan'uwansa ba. Wanda kuwa ya fara fito da ɗan tsiro, ta sa farcen babban yatsa ta ƙarye shi, ƙas, ta jefa cikin kwando. Wannan ƙas ɗin har yau yana kunnena. Aikina shi ne ɗebo ruwa da kwashe ruɓaɓɓen ganye, da kuma shan faɗa, domin Allah ya yi ni da baki. In na ce, "Kaka, me ya sa wani fari wani ja?" sai ta ce, "Haka Mai shi ya ga dama." In na ce, "Uwar goro yaya kamanninta?" sai ta ce, "Ke, Takwara, baki shi ke yanka wuya. Kawo ruwa." Sai da na girma na gane ba rowar amsa take yi mini ba. Ta jirgin ruwa aka kawo ta daga Ikko tana amarya, tun daga nan kuma ba ta wuce Zango da kasuwa ba. Ta tsufa a cikin goro, ba ta taɓa ganin bishiyarsa ba.

Ba Kaka kaɗai ke ƙin tambaya ba, zamanin ne gaba ɗaya. Jam'iyya ɗaya ce a ƙasa, hoto ɗaya a kowane kanti, waƙa ɗaya a rediyo. In babban baƙo zai zo, sai a kwashe mu 'yan makaranta a jera a bakin titi cikin rana, mu yi ta tafi da rawa har jerin motoci ya wuce, ba wanda ya isa ya ce don me. Maza a zaure in hira ta karkata wajen gwamnati, sai ka ji murya ta yi ƙasa, wani ya yi gyaran murya, a koma zancen farashin goro. Mun tashi mun tarar manya suna haɗiye tambaya kamar yadda ake haɗiye magani.

A cikin wannan hali Baba ya kai ni makarantar 'yan mishan. Ya gaji da neman mai yi masa tafinta da Faransanci a bakin iyaka, ni ce babba, ƙannena maza kuwa ba su iso ba tukuna. Zango ta ɗauki surutu, wai ya kai 'yarsa gidan masu ƙararrawa. Kaka ta yarda da ƙyar, da sharuɗɗanta: allo da yamma ba fashi, coci ba shiga, sannan ta ɗaga yatsa ta ce, "Ranar da na ga abin da ban gane ba, ranar za ta fito." Baba ya ce to. Shi bai taɓa ce mata komai ba sai to.

Malamarmu 'yar Mina ce, irin matan cocin nan da ba sa aure, muna kiran su Maser. Gajeriya, baƙa, da farin lulluɓi, da takalmin roba mai ƙara, tana tafe kana jin ta tun daga baranda. In za su yi addu'arsu ta safe, mu 'yan Zango sai ta ce mu zauna a bakin baranda, ba ta taɓa tilasta mana ba. Amma da an shigo aji, kafin karatu, kafin lissafi, tambayarta ɗaya ce: "Wa ya ga wani abu a hanya yau?" Wani ya kawo ƙwaryar katantanwa daga bakin teku, wata ta kawo sheƙar tsuntsu, wani ɗan banza ya taɓa kawo mataccen jemage a aljihu. Duk ta karɓa ta jera a bakin taga. Tana da wani madubi mai mariƙi da ke ƙara girman abu, muna ce masa lup, yana zagaya aji hannu zuwa hannu. A cikinsa na fara ganin ashe ƙafar ƙuda gashi gare ta, na yi ihu har aka leƙo daga ajin kusa. Abin da ya fi ɗaure mini kai kuwa, in aka yi mata tambayar da ta fi ƙarfinta, ba ta tsawa, ba ta kame-kame. Sai ta buɗe ido ta ce, "Ban sani ba. Mu duba." Babba guda, da bakinta, a gaban yara! Ranar da na fara jin haka na ɗauka za a kore ta daga aiki. Takan ce Allah bai ɓoye aikinsa ba, mu ne ba ma tsayawa mu kalla.

Wata rana ta ce kowa ya zo da iri daga gidansu, abin da ake ci ko ake sayarwa, za mu ga yadda yake farkawa. 'Yan ajinmu suka zo da masara, da wake, da gyaɗa. Ni me ake da shi a gidanmu in ba goro ba? Na ce wa Kaka, "Ba ni goro ɗaya, Maser ce ta ce a kawo." Ita ta ɗauka gaisuwa ce za a kai wa malama. Ta tona har ƙasan kwando ta zaɓo wani farin marsa mai sheƙi, ta goge shi da bakin zane ta ce, "Ungo, kada su ce 'yan Zango marowata ne." Ni ban ɓoye mata komai ba, ita ce ba ta tambaya ba.

Maser ta juya goron a hannu ta ce ita ma ba ta taɓa ganin tsirarsa ba. Ta samo kwalba mai faɗin baki, muka cika da jiƙaƙƙen garin katako daga wurin kafinta, muka manna goron a jikin gilashi yadda za a riƙa ganinsa. Kafin mako ya zagayo wake ya fasa, masara ta miƙe, bakin taga ya yi kore shar. Nawa kuwa yana kwance kamar dutse. Na 'yan aji suka yi tsawo har suka fara faɗuwa, nawa ko motsi. Yara suka sa ni gaba, wai goron Zango barci yake, sai an kira masa salla. Na yi kuka, na yi dambe, na ce a ba ni abina in cinye. Maser ta ce, "Taɓa shi. Ya ruɓe?" Na ce a'a. Ta ce, "To yana wani aiki ne a ciki da ba mu gani. Ba shi ruwa." Haka na yi ta ba dutse ruwa har aka share sauran kwalabe aka zubar.

Ran nan da safe na leƙa don sabo kawai, sai na ga goron ya buɗe baki. Ɓari biyun nan da muke rabawa mu ba baƙo sun rabu da kansu, wata farar saiwa ta zuro ƙasa ta bi jikin gilashi. Bayan 'yan kwanaki ɓarin suka fara kore, wani siririn kai ya taso daga tsakaninsu, ya buɗe ganye masu ja-ja, laushi kamar kunnen jariri. Maser ta dakatar da lissafi, aji duka ya yi layi da lup. Aka tashi makaranta da rana ban tsaya jiran kowa ba, da gudu na ratsa lungunan Zango, na faɗa gida ko sallama babu ina ihu, "Kaka! Kaka! Goronki ya haihu! Wanda na shuka ya yi ganye!"

Faifan ya suɓuce daga cinyarta, goro ya watse a tabarma. Ta ce, "Kika yi me?" Na ce, "Na shuka." Ta dafe ƙirji ta ɗauki salati, matan gida suka taya ta. Ni ina tsaye baki sake, ban san laifina ba. Ashe a gidajen goro akwai maganar da kowa ya sani, fatake suka ɗauko ta daga mutanen kurmi tun kakanni: wanda ya shuka goro da hannunsa ba ya cin 'ya'yansa, ranar da bishiyar ta yi fure ranar zai bar duniya. Shi ya sa farcen Kaka bai taɓa barin tsiro ya kwana ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini, don ba a zaci akwai mahaukacin da zai gwada ba.

Aka kira Baba daga zaure. Ya durƙusa, ya ce a hankali, "Inna, rai ai a hannun Allah yake, wannan zancen mutanen daji ne." Ta ce, "Na sani, ba kai za ka koya mini tauhidi ba. Amma da 'yar wa za a gwada? Da tawa? Na ce ranar da na ga abin da ban gane ba za ta fito, to ga ranar ta zo. Gobe zan je da ƙafata in fasa abin nan, in taho da ita. Abin da ya shafi rai ba a aike." Baba ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya ce to. Na yi kuka har muryata ta dushe. Ni ba mutuwar ce ta dame ni ba, yaro ina ya san mutuwa? Goron nake ji, da bakin tagar nan, da lup, da Maser. Na san in na fito na fito ke nan, sai faifai da kwando har ranar aure.

Da safe Kaka ta yafa babban mayafinta, ta ɗauki sandarta, ta riƙe ni a wuyan hannu kamar wadda za ta gudu. Muna isa ƙofar makaranta aka kaɗa ƙararrawa, ta ja burki ta yi a'uziyya, sannan ta shiga da ƙafar hagu. Maser ta taso ta rusuna ta ce, "Mama, sannu da zuwa," don haka suke kiran kaka a yarensu. Kaka ta iya Mina irin ta kasuwa, ta ciniki da faɗa, da ita ta zazzage mata komai, inda ta maƙale ni in cika. Na zaci Maser za ta yi dariya, ko ta ce camfi ne. Ba ta yi ba. Ta saurara har ƙarshe, fuskarta ta canza, ta ce, "Mama, ban taɓa jin wannan ba. Da na sani da na aiko an tambaye ki tukuna. Goronki ne, jikarki ce." Ta ɗauko kwalbar da hannu biyu ta ajiye a kan tebur gaban Kaka. Sai ta miƙa mata lup ta ce, "Amma kin fi mu sanin goro. Kafin ki fasa, duba mana ko lafiyayye ne."

Kaka ta karɓi madubin a wulaƙance, sanda na ɗaya hannun. Ta kai ido, ta ja baya da sauri, ta sake kaiwa. Ta jingine sandar a jikin tebur. Ta juya kwalbar, ta bi saiwar nan da kallo tun daga bakin goron har ƙasa, ta dawo kan ganyen. Na ga leɓenta yana motsi. Can ta ce da Hausa, ba da kowa take ba, "Subhanallahi. Ashe abin da ke cikinsa ke nan. Ashe abin da nake ƙaryewa ke nan." Sai ta juyo gare ni, "Takwara, ya aka yi ya koma kore? Fari fa na ba ki." Na ce, "Haske ne, Kaka, gefen da ke kallon taga ya fi kore, duba." Ta duba. Ta ce, "To wannan farin zaren, wa ya gaya masa nan ne ƙasa? A cikin kwalba yake, ba ido gare shi ba." Na ce, "Mun gwada da wake, mun kwantar da kwalbar, saiwar ta lanƙwasa ta sake bin ƙasa." Ta ce, "Kai! Ƙarya kike." Yaran Zango da ke ajin suka ce, "Wallahi, Kaka, gaskiya ne!" Ta juya ga Maser da Minarta ta kasuwa, "Ke, me ya sa?" Maser ta buɗe hannu ta ce, "Wani sashe na sani, Mama, wani ban sani ba. Mu duba tare." Matar da ta raine ni da kawo ruwa, rufe baki, ita ce a tsaye gaban allo tana jero tambaya kamar an ɓalle famfo. Yara suka fara ƙunshe dariya, ta harare su suka nutsu.

Ta daɗe tana kallon abin nan. Ni dai idona yana kan sanda. Daga nan ta miƙe ta gyara mayafi, ta yi irin muryar da take yanke ciniki da ita. Ta ce, "Wannan na cikin kwalba ba shuka ba ne, wasan yara ne. Shuka sai an tona ƙasa. Kuma goron nawa ne, ni na zaɓe shi da hannuna. Maser, ina kuke da inuwa da ruwa?" Aka kai ta bayan aji, kusa da rijiya, tsakanin wani mangwaro da ayaba inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa. Na kai hannu zan taya ta, ta buge hannun. "Kul! Ko ƙasar kada ki taɓa." Ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo, ta tona rami da bakin sanda da yatsu, ta zare goron daga kwalba a hankali kamar mai karɓar haihuwa, ta yi bisimilla ta dasa. Ta ɗago ta dubi 'yan aji da suka kewaye ta, ta ce, "Ku shaida, ni na shuka. In akwai abin da ke biyo baya, ya san ƙofar ɗakina. Na ci nawa rabon, na sha." Sai a lokacin na gane abin da ta yi, na faɗa jikinta ina kuka. Ta ce, "Tashi, sakarya, kin ɓata mini mayafi. Koma aji. In na fitar da ke, wa zai ba shi ruwa, wa zai kawo mini labarinsa?"

Haka na zauna a makaranta. Kullum na dawo, kafin in ajiye jaka, "Takwara, yaya mutumin?" Ruɓaɓɓen ganyen fita da muke zubarwa ya zama abin tattali, ni ke kai shi gindin bishiyar a ƙunshe, don ƙasar Lome rairayi ce, goro kuwa ɗan kurmi ne. Mutane suka ce ba zai rayu ba, ya rayu. Daga labarin goro aka zarce, sai na zo mata da duk abin da aka duba a aji, tana zaɓen goro tana musu. Ranar da na ce mata duniya ce ke juyawa ba rana ba, ta ce wannan kam Maser ta sha wani abu. Na gama ajin Maser, na gama makarantar, na wuce kolej, bishiya tana tsawo ni ina tsawo, ƙananan yara suka gaji ba ta ruwa. Amma kowace shekara in na ga ta ƙara reshe sai gabana ya faɗi, domin duk da karatuna ban manta da abin da ake jira ba.

Shekarar da ta yi fure, Maser ce ta aiko a kira ni. Fure ƙanana, fari-fari da jan zane a ciki. Na tsaya a gindinta ina kallonsu. Na yi niyyar in ɓoye wa Kaka, amma da na koma gida tsohuwar nan fuskata kawai ta kalla ta ce, "Ya yi, ko?" Ta aika aka sayo farin yadi, ta wanke ta ninke ta sa a ƙarƙashin matashi. Ta raba tasoshinta, ta bi gida-gida tana neman gafara. Ana cikin haka sai ga sanarwa wai za a tashi Zango gaba ɗaya a mai da mu bayan gari, ba wanda ya isa ya ce don me. Katafila ta shigo, lungunan da na yi gudu a cikinsu suka zama fili. Matan unguwa suna ɗaure kaya suna cewa ga shi nan, goron tsohuwa ya fara aiki, ba za ta kai sabon wuri ba. Aka ɗora ta a kan kaya a bayan babbar mota, likkafaninta a cinya. Ta kai. Ta kwana, ta tashi. Wata ya mutu, wani ya tsaya, tana nan tana faɗa da masu gini a kan inda za a sa mata taga.

Da saƙo ya zo cewa kwanson goron ya nuna, Kaka ta ce a nemo mota. Muka shiga gari, muka wuce inda gidanmu yake a da, ba ta ko waiwaya ba. Maser ta tsufa ita ma, takalmin dai bai daina ƙara ba. Ta fito da yara duka suka kewaye bishiyar. Aka tsinko kwanson, kore mai gurje-gurje, aka sa a hannun Kaka. Ta fasa. Ga goro a jere a ciki, kowanne lulluɓe da farar riga. Ta yi dariya har da hawaye ta ce, "Ji ɗan nema, ashe shi ma da likkafaninsa yake zuwa!" Ta ɓare ɗaya, ta ciro magoginta daga lalita, ta goga a tafin hannu, ta yi bisimilla ta watsa a baki. Kaka ta tauna da dasashi, ta haɗiye, ta dubi sama, ta dubi ƙasa, ta ce, "To, ga ni. Ina ajalin yake?" Sai ta rangaɗa guɗa! Tsohuwa a tsakiyar gidan masu ƙararrawa tana guɗa, yara suna tsalle suna tafi, tafin da ba wanda ya jera su ya ce su yi. Ta ɓara wani ta ba Maser ɓari, ta ce, "Gani ya kori ji."

Farin yadin nan sai da ya yi ja don ajiya, aka yanka shi aka yi wa ɗana na fari zanen goyo, aka sayo mata wani. Ta ga 'ya'yana, ta ga ranar da na fara koyarwa, har takan tambaye ni ko ina ce wa yaran mutane ban sani ba in ban sani ba. Nakan ce ina faɗa, Kaka. Amma abin da ya fi zauna mini shi ne abin da ta yi a ranar nan kafin mu shiga mota. Ta zaɓi mafi girma a cikin goron da ya rage, ta goge shi da bakin zane, ta kamo hannun nan nawa da ta taɓa bugewa, ta danƙa mini. Ta ce, "Takwara, je ki shuka wannan. Da hannunki."

Na shuka. Ita ce bishiyar da ke bayan ɗakina, wadda jikata take shanya kayanta a jiki ba ta taɓa ɗaga kai ta kalla ba. Ta yi fure ta sake yi, ga ni nan zaune ina goga 'ya'yanta da magogin Kaka. Ɗazu na wanke wata kwalba mai faɗin baki, na aika a karɓo mini garin katako wurin kafinta. Bari 'yar nema ta dawo daga makaranta, yau ni da ita ne.